KARE KAI KO ƊAUKAR FANSA: YAUSHE NE TSORO YAKE ZAMA HUJJA?



Akwai wata tambaya da ba ta ƙarewa a tarurrukanmu. Ko a majalisar dattawa ne, ko a taron matasa, ko bayan an dawo daga jana'iza mutane sun zauna a inuwa kowa ya yi jugum, sai wani ya ɗaga hannu ya ce, "Baba Fasto, in suka zo, sai mu naɗe hannu mu zuba ido su yanka mu ke nan?" Mu da aka ba amanar kiwon garke mun daɗe muna ba da amsa iri biyu, kuma duka biyun ba su ƙosar ba. Wasunmu sukan ce a yi haƙuri a yi addu'a, su rufe taro. Wasu kuwa sukan ce tura ta kai bango, kowa ya kare kansa, su ma su rufe taro. Saurayin da ya yi tambayar yakan koma gida bai san abin da doka ta yarje masa ba, bai kuma san inda ta tsayar da shi ba. Ranar da abu ya faru, shi ne zai tsaya gaban alƙali, mu kuwa muna gidajenmu.

Matsayinmu a wannan shafi shi ne: dokar ƙasa da Maganar Allah duka sun ba mutum izini ya tsare ransa da ran maƙwabcinsa. Amma ba kowane tsoro ne yake buɗe wannan ƙofa ba. Tsoron da doka take saurara shi ne wanda yake da dalili a fili, a kan haɗarin da yake gaban mutum a daidai wannan lokaci, izinin kuma yana ƙarewa da zarar haɗarin ya ƙare. Wanda bai koyi wannan tun da sauran zaman lafiya ba, ba zai koye shi a tsakiyar tashin hankali ba. Ba a fafe gora ranar tafiya.

ABIN DA DOKAR ƘASA TA BA MU

Mu fara da abin da yake hakkinmu, gama da yawa cikinmu suna zaton Kirista a Arewa ba shi da wani hakki sai na gudu. Tsarin mulkin Nijeriya na 1999, sashe na 33, ya ce kowane mutum yana da hakkin rayuwa. A cikin wannan sashe ɗin kuma an bayyana cewa ba za a ɗauka an tauye wa wani hakkinsa na rayuwa ba idan ya mutu sakamakon ƙarfin da ya zama dole a yi amfani da shi, gwargwadon yadda doka ta yarda, don kare wani mutum daga farmakin da ya saɓa wa doka, ko don kare dukiya. Ba a ambaci addini ko ƙabila a wurin ba. Hakkin manomi ne, hakkin makiyayi ne, hakkin ɗan kasuwa ne.

Dokar hukunta laifuffuka ta Arewa, wato Final Kod, wadda aka zartar a 1959 ta soma aiki a 1960, ita ce ta warware maganar dalla-dalla daga sashe na 59 zuwa na 67. Wasu jihohi sun sabunta tasu dokar a shekarun baya, saboda haka lambobin sassa sukan bambanta daga jiha zuwa jiha, amma ginshiƙin maganar ɗaya ne. Dokar ta ce abin da mutum ya yi cikin halattaccen kare kai ba laifi ba ne. Ta ba shi izini ya kare jikinsa da jikin wani, ko ɗan'uwansa ne ko baƙo, ya kuma kare dukiya daga sata, da fashi, da ɓarna, da shiga wurin mutum da nufin aikata laifi.

Har ma ta lissafa wuraren da kare kai zai iya kaiwa ga mutuwar mahari ba tare da an kama mai karewar da laifi ba. Game da jiki: farmakin da zai sa mai hankali ya ji tsoron mutuwa ko mummunan rauni, da fyaɗe, da sace mutum. Game da dukiya: fashi, da fasa gida da dare, da cinna wuta ga wurin da mutane suke kwana ko suke ajiyar kaya, da kuma sata ko ɓarna da ta zo da yanayin da mai gida yake da dalilin tsoron za a kashe shi ko a ji masa mummunan rauni idan bai tashi tsaye ba.

To, sai iyakoki biyu waɗanda ba mu cika faɗa wa matasanmu ba. Na ɗaya, ba a yarda mutum ya yi lahani fiye da wanda kariyar take bukata ba. Na biyu, babu hakkin kare kai a inda akwai lokacin da za a iya neman taimakon hukuma. Waɗannan biyun su ne suke raba wanda kotu za ta sallama da wanda za ta ɗaure.

WANE IRIN TSORO?

Hausawa sun ce wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Mu mutane ne da maciji ya sara sau da yawa. Kafanchan a 1987, Zangon Kataf a 1992, Kaduna a 2000, Jos a 2001 da 2008, sai shekarun Boko Haram, da hare-haren dare a ƙauyuka. Babu ikilisiyar da ba ta da gwauruwa ko maraya daga ɗaya cikin waɗannan. Saboda haka tsoronmu na gaske ne, ba wanda zai ce muna ƙirƙira. Amma alƙali ba zai tambayi tarihin garinmu ba. Zai tambaya ne: a wannan rana, a wannan wuri, me wannan mutumin ya yi da zai sa mai hankali ya gaskata cewa ransa yana cikin haɗari?

Kotunan ƙasar nan sun sha nanata abubuwa huɗu da suke dubawa. Shin wanda ake tuhuma shi ne ya tono faɗan, ko kuwa same shi aka yi? Shin akwai haɗarin mutuwa ko mummunan rauni da yake gab da aukuwa, wanda ya gaskata da shi da zuciya ɗaya bisa dalili? Shin akwai hanyar kuɓuta wadda zai iya bi lafiya amma ya ƙi? Shin ɗaukar ran ya zama tilas?

Mu kawo shi kusa. Mutum ya zaro adda ya nufo ka da gudu: ba sai ka jira ya sare ka ba tukuna, doka ba ta ce sai jini ya zuba kafin ka kare kanka ba. Amma mutumin da yake tafiya a bakin hanya da adda a rataye, yana bin shanunsa ko yana dawowa daga gona, bai yi maka komai ba, ko da kamanninsa sun tuna maka da waɗanda suka ƙone gidanku bara. Mutum ya yi maka barazana a kasuwa cewa zai zo maka da dare: wannan dalili ne na zuwa wurin mai unguwa da 'yan sanda tun rana ba ta faɗi ba, ba dalilin zuwa gidansa da gora ba ne. Ɓarawo ya ɗauki akuya yana gudu, ya ba ka baya: ba a sayen akuya da ran mutum. Shanu sun cinye dawarka: hasara ce mai zafi, akwai kuma hanyar neman diyya, amma ɓarnar gona ita kaɗai ba ta cikin abubuwan da doka ta ce za su iya kaiwa ga kisa.

SA'AD DA WUƘA TA SAUYA HANNU

Babu shari'ar da ta koya mana wannan darasi da zafi kamar ta Sunday Jackson, manomi daga Jihar Adamawa. A 2015 yana aiki a gona a yankin Numan, sai rikici ya haɗa shi da wani makiyayi. Bisa ga bayaninsa, makiyayin ya far masa da wuƙa ya ji masa rauni, suka yi kokawa, ya ƙwace wuƙar ya soke shi a wuya, makiyayin ya mutu. A watan Fabrairu na 2021 Babbar Kotun Jihar Adamawa ta yanke masa hukuncin kisa. Dalilinta shi ne, da ya ƙwace wuƙar haɗarin ya kau, yana da damar gudu, abin da ya biyo baya kuwa ya wuce kare kai. Kotun Ɗaukaka Ƙara ta amince da haka. Ranar 7 ga Maris na 2025 Kotun Ƙoli ma ta tabbatar da hukuncin, sai dai Mai Shari'a Helen Ogunwumiju ta saɓa wa sauran alƙalan, ta ga cewa kare kansa ya yi. A watan Disamba na 2025 Gwamna Ahmadu Umaru Fintiri ya yi masa afuwa, bayan ya shafe fiye da shekara 10 a tsare.

Ra'ayinmu a kan wannan ba ɓoyayye ba ne. Muna ganin alƙaliyar da ta saɓa ita ce ta fi kusa da yadda faɗa yake a zahiri. Mutumin da aka soka, jini yana zuba, suna birgima a ƙasa shi da wanda ya soke shi, ba ya cikin halin da zai auna abu da ma'auni kamar mai sayar da gishiri. Wanda aka ƙwace wa wuƙa yana iya sāke ƙwace ta. Wanda ya ji rauni kuma ba lalle ne ya iya gudu ba. Ita kanta Final Kod ta san da haka, shi ya sa a sashe na 222 ta tanadi cewa wanda ya wuce iyaka yana cikin kare kai da kyakkyawar niyya, ba tare da ya shirya kisa tun farko ba, laifinsa ba na hukuncin kisa ba ne. Mun yi murna da afuwar, mun kuma gode wa Allah.

Amma kada murna ta rufe mana ido ga abu biyu. Na farko, afuwar gwamna jinƙai ce ga mutum guda, ba ta shafe hukuncin Kotun Ƙoli ba. Ƙananan kotuna za su ci gaba da duban wannan hukunci. Saurayin da zai tsaya gaban alƙali gobe, tambayar da za a yi masa ita ce: bayan da makamin ya dawo hannunka, me ya hana ka tsayawa? Ba kowa ne kuma zai sami duniya ta yi magana dominsa ba. Na biyu, akwai gidan da aka yi makoki a wancan ɓangaren ma. Makiyayin nan ɗan wasu ne, Allah ne kuma ya halicce shi cikin siffarsa kamar yadda ya halicce mu. Ikilisiyar da ta manta da wannan ta soma manta da bisharar da take wa'azi.

ME LITTAFI MAI TSARKI YA KOYA?

Abin mamaki shi ne, iyakar da Final Kod ta sa ba baƙuwa ba ce ga mai karatun Littafi Mai Tsarki. A Fitowa 22:2-3 Shari'ar Musa ta bambanta ɓarawon da aka buge ya mutu yana fasa gida da dare, da wanda aka kashe bayan rana ta fito. Na farko babu alhakin jini a kan mai gida, na biyu akwai. Me ya sa? Da dare mai gida bai san ko mutum nawa ba ne, bai san abin da suke riƙe da shi ba, ba kuma mai jin kiransa. Da rana yana gani, yana iya yin kururuwa, maƙwabta su taru. Ɓarawon ɗaya ne, satar ɗaya ce. Abin da ya bambanta shi ne girman haɗarin da kuma samun taimako.

Mu dubi labarin Abner a 2 Sama'ila sura 2 da 3. Asahel ya bi Abner da gudu a ranar yaƙi. Sau biyu Abner ya gargaɗe shi ya rabu da shi, ya ƙi, sa'an nan Abner ya buge shi da gindin mashi ya mutu. Bayan wani lokaci, an riga an yi sulhu, Abner ya zo Hebron ya tafi lafiya, sai Yowab ɗan'uwan Asahel ya aika aka komo da shi, ya ja shi gefe a bakin ƙofar gari kamar zai gana da shi, ya soke shi. Dawuda ya yi makokin Abner, ya wanke hannunsa daga jinin, har a ƙarshen ransa bai manta da abin da Yowab ya yi ba (1 Sarakuna 2:5). Ga mutum biyu, kowanne ya kashe. Ɗaya ana bin sa, ya yi gargaɗi, ya rasa mafita. Ɗayan ya jira, ya shirya, ya rama. Yowab ma yana da hujjar tsoro, gama ya ce wa sarki leƙen asiri ne ya kawo Abner. Amma Nassi ya faɗi ainihin dalilin: jinin ɗan'uwansa.

Nehemiya ya sa masu tsaro dare da rana, magina suna aiki da makami a kusa, amma ba mu karanta cewa ya kai wa Sanballat hari a gidansa ba. Dawuda ya sami Saul a hannunsa sau biyu, mutumin da yake farautar ransa, ya bar shi da rai. Bitrus ya zare takobi a Getsamani ya sare kunnen bawan babban firist, Ubangiji ya umarce shi ya mai da shi kube, ya kuma warkar da kunnen. Sa'ad da mutum fiye da 40 suka yi rantsuwa za su kashe Bulus, ɗan 'yar'uwarsa ya ji labari, Bulus bai tara 'yan'uwa su yi kwanto ba. Ya aika da yaron wurin shugaban sojoji, aka fitar da shi da dare zuwa Kaisariya da rakiyar soja 470 (Ayyukan Manzanni 23). A Romawa 12 an hana mu ramuwa, a sura ta 13 kuma an nuna cewa takobin hukunci yana hannun hukuma.

Maganar juya ɗaya kuncin a Matiyu 5 fa? Mun ji masu cewa an mare mu a kunci biyu, ba mu da na uku. Muna fahimtar zafin da ya haifi wannan magana, amma ba mu yarda da ita ba, domin tana mai da umarnin Ubangiji kamar bashi mai ƙarewa. Mari a kunci cin mutunci ne, koyarwar kuwa tana kashe son ramuwa ne a zuciyar mai bi. Ba ta ce uba ya tsaya yana kallo a ja 'yarsa zuwa daji ba. Masanin tauhidi Toma na Akwino ya bayyana tun a ƙarni na 13 cewa mai kare kansa nufinsa tsirar da ransa ne, ba mutuwar maharin ba, idan kuma ya yi amfani da ƙarfin da ya wuce bukata, aikin ya zama haram. Muna kuma girmama 'yan'uwanmu na Ekklesiyar Yan'uwa a Nijeriya, waɗanda suka gāji koyarwar ƙin ɗaukar makami, suka kuma sha wuya ƙwarai a hannun Boko Haram. Wanda lamirinsa ya hana shi ɗaga hannu ba matsoraci ba ne. Wanda ya tsaya a ƙofar gidansa ya tare mahari shi ma ba mai ridda ba ne. Wanda Nassi bai ba wa wuri ba shi ne mai ramuwa.

ABIN DA BA KARE KAI BA NE

Mu ikilisiyoyin da muke tsiraru a garuruwanmu ya kamata mu fi kowa sanin farashin ramuwa. A watan Fabrairu na 2004 an kashe masu bi da dama a cikin majami'a a Yelwa, kudancin Jihar Filato. A farkon watan Mayu aka kai harin ramuwa a garin, aka kashe Musulmi ɗaruruwa. Ba a yi mako biyu ba rikici ya tashi a Kano, Kiristocin da ba su taɓa taka Yelwa ba, wasu ma ba su san inda take ba, suka biya da rayukansu da gidajensu. A watan nan ne Shugaba Obasanjo ya kafa dokar ta ɓaci a Filato. Waɗanda suka kai harin Mayu sun ce kare kai suke yi. Amma abin da aka shirya wata biyu bayan aukuwar ɓarna, aka tafi garin mutane aka yi, ba shi da wannan suna a gaban kowace kotu, balle a gaban Allah. Duk sa'ad da wani ya rama a inda muke da yawa, wani ɗan'uwa ne yake biya a inda muke kaɗan.

A ƙarshen watan Maris na 2025, a Uromi ta Jihar Edo, an tare motar wasu mafarauta 'yan Arewa da suka taso daga Fatakwal za su Kano yin Salla. An ga bindigogin farauta a cikin kayansu, aka ce masu satar mutane ne, taron jama'a suka kashe mutum 16. Mutanen yankin sun sha fama da masu garkuwa da mutane, tsoronsu ba na ƙarya ba ne. Amma mutanen da aka riga aka tare, aka sauke daga mota, ba su da wani haɗarin da zai hana a miƙa su ga 'yan sanda. Tsoro na gaske ya haifi kisan kai na gaske.

Mu ma mun taɓa tsayawa a bakin wannan rami. Wata shekara, a wata ikilisiya da muka yi hidima, labari ya bazu da yamma cewa za a kawo hari. Matasa suka tare hanyar shiga gari. Wajen ƙarfe goma na dare suka kama wani mutum a kan babur, baƙo, da buhu a ɗaure a baya, yana rawar jiki ya kasa ba da amsa sosai. Kafin mu isa wurin an riga an soma dukansa. Wani dattijon ikilisiya, tsoho mai sanda, ya ratsa ya tsaya a tsakani ya ce, "'Ya'yana, ku kwance buhun nan tukuna." Aka kwance. Garin masara ne da maganin asibiti, zai kai wa mahaifiyarsa a ƙauyen gaba. Harin bai zo ba a daren nan. Da tsohon ya makara da minti biyar, da yau wasu cikin yaran da muka yi wa baftisma da hannunmu suna kurkuku, da jinin marar laifi a kansu, da kuma a kanmu da ba mu koya musu ba.

MAGANA GA HUKUMA

Doka ta ce babu kare kai inda akwai lokacin neman hukuma. To, ina hukumar take? Akwai ƙauyukanmu da ofishin 'yan sanda mafi kusa yake da nisan tafiyar awa guda ko fiye, a kan hanyar da ba ta biyuwa da damina. An sha kiran jami'an tsaro tun da dare, su iso bayan gari ya waye. Ba mu kaɗai muke kuka ba. A 2018 Janar T. Y. Danjuma ya yi kira a Jalingo ga jama'a su kare kansu, a 2022 kuma gwamnatin Jihar Zamfara da kanta ta ce wa mutanenta su nemi izinin mallakar bindiga saboda 'yan bindiga. Idan manya irin waɗannan sun kai ga faɗin haka, alama ce gwamnati ta gaza a aikinta na fari. Bai dace hukuma ta yi nawa wajen kare talaka, sa'an nan ta yi sauri wajen rataye shi ba. Muna roƙon alƙalai su auna nisan taimako da halin wanda aka far wa sa'ad da suke auna ƙarfin da ya yi amfani da shi. Muna roƙon 'yan majalisun jihohinmu su fayyace maganar gudu a cikin doka, domin kada a bukaci mai rauni ya yi abin da mai lafiya ma zai sha wuyar yi. Amma gazawar hukuma ba ta mai da jita-jita ta zama hujja ba.

AIKIN DA YAKE GABAN DATTAWA

1. A koyar. Kowace gunduma tana da lauya ko ɗan sanda mai ritaya cikin membobinta. A gayyace shi ya zauna da matasa da zumuntar mata, ya karanta musu dokar jiharsu, ya amsa tambayoyi da harshen da suke ji.

2. Masu gadin majami'a da na unguwa su kasance sanannu ga mai unguwa da 'yan sanda, da dattijo mai sanyin zuciya a kansu. Aikinsu su gani, su yi ƙararrawa, su fitar da mata da yara da tsofaffi, su tare ƙofa. Wanda aka kama a miƙa shi ga hukuma da ransa da lafiyarsa. Mai shaye-shaye kada ya yi gadi.

3. A sani cewa riƙe bindiga ba lasisi laifi ne mai zaman kansa a ƙarƙashin dokar bindigogi ta 1959, irin ta soja kuwa tana jawo ɗaurin shekara 10 ko fiye. Kada a ajiye makami a majami'a ko a gidan fasto.

4. Duk barazanar da aka yi, a kai rahoto a rubuce, a riƙe kwafi da kwanan wata. Takardar nan ita ce za ta nuna wa kotu gobe cewa mun nemi hukuma.

5. Idan abu ya riga ya faru, kada a ɓoye mutum, kada kuma a bar shi shi kaɗai. A kai shi asibiti a rubuta raunukansa, a ɗauki hoto, a raka shi wurin 'yan sanda tare da lauya. Sashe na 35 na tsarin mulki ya ba wanda aka kama hakkin yin shiru har sai ya gana da lauya ko wanda ya zaɓa. Kada ya sa hannu a takardar da ba a karanta masa da harshen da yake ji ba, gama bayanin ranar farko yakan bi mutum har Kotun Ƙoli. Wanda ba shi da kuɗin lauya, akwai hukumar gwamnati mai ba da lauya kyauta, ikilisiya ma tana iya yin baiko na musamman.

6. A riƙe zumunci da limamai, da ardo, da masu unguwa tun ana zaman lafiya. Lambar wayar da za ta kashe jita-jita cikin minti biyu ta fi gora ɗari amfani. Kafin a tura wani saƙo a WhatsApp, a tambaya: wa ya gani da idonsa?

'Yan'uwa, ba muna kiran kowa ya miƙa wuyansa ga mahari ba ne. Ran da Allah ya ba mu amana ne, haka ran matanmu da 'ya'yanmu. In mugu ya fasa ƙofa da dare, mai gida yana da izinin doka ya tsaya, ba kuwa za mu kira shi mai zunubi ba. Amma idan maharin ya faɗi, ko ya juya da gudu, ko ya ɗaga hannu, mu ma sai mu tsaya. Mu koya wa 'ya'yanmu wannan a makarantar Lahadi, da taron matasa, da kan tabarma a gida, har ya zauna musu a zuciya kafin ranar gwaji.

Ubangiji ya tsare ikilisiyarsa, ya ta'azantar da dukan waɗanda suka rasa nasu, namu da na maƙwabtanmu, ya ba masu mulki zuciyar yin adalci, ya kuma ba ƙasarmu salama. Amin.